Ƙwaurin Rabe Ɗan Dako

Ku da kuke cewa ɗori ai kara ne da tsumma da man shanu, ko jikana mai rarrafe zai iya, to madalla, ga kara nan, ga tsumma. Bari a kawo maku mutumin da tirela ta matse wa cinya a bakin boda, yana ihu yana kiran uwarsa, mu ga wanda zai tsaya a cikinku. Ni na san ku. Ɗayanku in ƙaya ta soke shi sai ya wuni yana ba waya labari. Amma tun da kun zauna, ku gyara zama in gaya maku abin da hannun nan ya taɓa a Magama tun ba a haifi iyayen wasunku ba.

A wurin mahaifina na koya, Allah ya jiƙansa. Shekarun farko bai bari na taɓa mutum ba. Aikina in fere karan dawa, in daidaita tsawonsu, in saƙa su da zare kamar ƙaramin asabari, in wanke tsumma in shanya. In mahauta sun yi yanka sai ya aike ni in karɓo ƙafar akuya da fatarta. Ya karya ta a bayan idona, ya miƙo mani, ya ce in runtse ido in faɗi inda ta karye da yadda ta karye. In na yi kuskure ba ya duka. Abin da zai ce kawai, “Sake lalubawa, yatsunka barci suke.” Wallahi da ya mare ni da ya fi mani sauƙi. A haka dai na san bambancin karaya da targaɗe da gocewa, kafin ya yarda in riƙe mashi ƙafar mutum yana ja.

Wanda na fara ɗorawa ni kaɗai wani direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ɗan Maraɗi, ƙato mai yawan rantsuwa. Yana canjin taya a layin duwan, wato kwastam ɗin tsallake, jak ya suɓuce, ƙarfe ya daki damtsensa. Aka riƙo shi zuwa zaurenmu, mahaifina kuwa ya tafi jana’iza garin Riko. Na sa mutane suka danne kafaɗar, na riƙa jan hannun a hankali har na ji bakin ƙashi ya sami bakin ɗan’uwansa, na shafa man shanu, na jera kara, na naɗe. Ba a matse ɗori, ku ji da kyau. Sai ka bar inda ɗan yatsa zai shiga, ka kuma riƙa duba farce, in ya soma baƙi ka kwance maza. Direban nan ya zage ni da Hausa, ya zage ni da Faransanci, ya suma, ya farfaɗo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da ya warke, duk wucewar da zai yi sai ya danna mani oda ya jefo ƙullin dabino.

Boda ce ta ciyar da ni, ba zan ɓoye ba. Masu babur da ke laftar jarkokin fetur har ba ka ganin kan matuƙi, su ne masu karyar ƙashin wuya da wuyan hannu. ’Yan dako su ne masu targaɗe da gocewar kafaɗa. Na ɗora kwastam, na ɗora jandarma daga tsallake, na ɗora matan da suka zame a bakin rijiya. In kuwa ƙashi ya fasa fata ya leƙo waje, ba na ko wanke hannu, asibiti nake cewa a nufa. Likita yana da hoton da ke ganin ciki, ni yatsu gare ni, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi.

To akwai ciwon da ba shi da wurin ɗori, shi ne ciwon ƙwauri. A jikin kurata na san shi, samarin nan da suka tafi horon soja, in sun dawo gida. Mutum zai shigo da ƙafarsa, ba kumburin kirki, ba rauni, amma in ya yi gudu sai gefen ƙwaurin ta ciki ya ɗauki zogi. Da farko ciwon yakan taso in an fara gudu, ya lafa in jiki ya yi zafi, ya dawo in an huta. Wannan lafawar ce ke yaudarar yara. Daga baya ko tafiya masallaci sai an cije leɓe.

In irinsu sun zo, ba na fara taɓa ƙafa. Takalminsa nake cewa ya ba ni, in juya in ga ta wane gefe dunduniyar ta cinye. Sannan in zuba mashi ruwan buta a ƙafa, in ce ya taka simintin zaure da dukan nauyinsa. Sawun lafiyayye yana barin rami busasshe ta ciki. Wani kuwa sawunsa zai fito a cike kamar an ajiye faifai. Daga nan in zaunar da shi, in bi gefen ƙashin da babban yatsa tun daga idon sawu har zuwa sama. In ciwon ya bazu tsawon tafin hannu, naman da ke manne da ƙashi ne ya gaji da fizga, hutu zai warkar da shi. In kuwa ya tattaru wuri guda, wanda kan yatsa zai rufe, mutum ya zabura in ka danna, to ƙashin ne da kansa ya soma tsagewa.

Shekarar da aka rufe boda ba ni mantawa da ita. Tituna suka yi tsit, manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Masu shayi suka kife kofuna. ’Yan dako suka koma gindin bishiya, kowa ya tada kai da gammonsa. Ga shi kuma daji ba ya shiguwa, ’yan bindiga sun hana noma, wanda gonarsa ta yi nisa da gari sai dai ya hange ta. Ni kaina sai in wuni ban taɓa ƙashi ba, karan da na fere suka bushe gara ta shiga. Ana cikin haka aka ce za a ɗauki sabbin sojoji. Kai! Sai ka ce an buɗe rumbu. Duk saurayin da ke da takardar sakandare a Magama da Jibiya ya sayi takalmin gwanjo mai nauyi a kasuwa, ya hau kwalta da gudu kullum da safe. Yaran da ba su taɓa gudu ba sai in kwastam sun biyo su.

Rabe yana cikinsu. Ɗan Malam Sada ne, wani dattijo da gonarsa ke can wajen Kusa, inda ba mai iya zuwa a lokacin. Tun Rabe yana makaranta yake dako, in an tashi ya zo bakin boda, da shi aka riƙe gidan. Ba a yi ɗan dako kamarsa ba a zamaninsa. Buhun da mutum biyu ke ciccibawa, shi kaɗai yake saɓawa ya ratsa rairayi da silifa yana waƙa. Ƙirji faffaɗa, wuya kamar turmi. Da aka je tantancewa ya wuce, aka ce ya jira kira kafin kaka. Gari duka ya ce ai in Rabe bai zama soja ba, ba wanda zai zama.

Wata rana da hantsi sai ga Malam Sada ya shigo zaurena, Rabe na bayansa. Muka gaisa, muka yi jajen zamani. Ya ce, “Yaron ga ne ƙafa ta ɗan dame shi. Ka duba mashi, kada tafiya ta zo yana ɗingishi.”

Na ce Rabe ya naɗe wando. Abin da na gani ya sa na yi salati. Ya yanko robar tayar babur, ya naɗe ƙwaurin da ita tun daga idon sawu har ƙasan gwiwa, tam, har fata ta yi zane.

Na ce, “Rabe, mi ne ne wanga?”

Ya yi dariya ya ce, “Baba, ai ɗaurinmu ne na ’yan dako. Ka manta?”

Ban manta ba. Haka suke yi tun kakanninsu, da igiya a da, yanzu da roba. In ɗan dako zai yi doguwar tafiya da kaya, sai ya ɗaure sharaɓa don kada ta yi tsami, kuma suna cewa ciwon aiki, aiki ke maganinsa. A dako maganar tana da ƙamshin gaskiya, don gajiyar nama ce, tafiya ce a hankali cikin rairayi mai laushi. Shi ne Rabe ya ɗauko dabarar dako ya kawo ta gudu. In ya ɗaure sai ƙafar ta yi sanyi ya daina jin zogi, sai ya ƙara nisa. Duk abokansa sun koya daga gare shi, tun da shi ne gwani.

Na kwance robar, na karɓi takalmin. Ya fi ƙafarsa girma, tafinsa ya ƙeƙashe kamar katako, dunduniyar ta cinye ta ciki. In Rabe yana zaune, tafin ƙafarsa da rami kamar na kowa, shi ya sa masu tantancewa ba su ga komai ba. Da na zuba ruwa ya miƙe ya taka siminti, sai ramin ya nutse, sawu ya fito a cike. Kayan da ya ɗauka tun ƙashinsa bai ƙosa ba, su suka sassauta ƙafar. Na dubi saman jikinsa, na dubi ƙwaurin. Duk ƙarfin ya tafi kafaɗa da wuya, ƙwaurin siriri, ga tsohon tabo a na hagu inda ƙafar babur ta taɓa dukansa. Na bi gefen ƙashin da yatsa, ciwon a baje yake tsawon tafin hannu. Na yi hamdala a raina.

Na ce wa Malam Sada, “Ba karaya, ba targaɗe. Ƙafar ce aka ɗora wa abin da ba ta saba ba. Ta saba da rairayi an kai ta kwalta, ta saba da silifa an sa ta cikin wannan katako, ta saba da tafiya an ce ta yi gudu rana ɗaya. Ga nauyin jikinsa duk a kanta yake sauka. Mi yake ci kafin ya fita?”

Malam Sada ya sunkuyar da kai. Rabe ne ya amsa, ya ce, “Koko, in an samu.”

Na ce ya bar gudu sam har sai ya iya tsalle da ƙafa ɗaya bai ji komai ba. Ya jefar da roba. Ya sami nono da wake ko yaya ne. In ya warke ya fara da sassarfa kaɗan kaɗan, kuma a rairayi, kada ya kusanci kwalta.

Malam Sada ya ɗago ya ce, “Rairayin ina? Na gulbi? Inda mutanen nan ke ratsawa da shanun sata? Shekaranjiya aka ɗauke mai yankan ciyawa a can. Kwaltar nan ita kaɗai ce inda sojoji ke gani.”

Gaskiya ya faɗa.

Ya ce, “Kai dai ka ɗora mashi. Ka sa kara da tsumma, ka yi tofi irin na mahaifinka.”

Na ce, “Sada, mi zan ɗora? Ba abin da ya rabu. In na ɗaure, na zama ni da robar nan duk ɗaya. Ku haƙura da bana, baɗi ya tafi da ƙafa lafiyayya.”

Ya ce, “Babu baɗi. Shekarunsa sun kai ƙarshen abin da ake ɗauka. Bana ce ko babu. Ƙannensa mata ne, ni kuwa ka ga yadda na koma.”

Mutanenmu in ba su ga kara da tsumma ba, gani suke ba ka yi masu aiki ba. Malam Sada ya tashi ya karkaɗe riga, ya ce Allah ya saka da alheri, irin faɗar da ba ta kai zuci ba. Rabe ya tsaya sa takalmi. Na ga ya ɗauki robar ya cusa a aljihu, na yi kamar ban gani ba, don na san ko na ƙwace akwai tayar babur a kowane lungu.

Ya huta kwana kaɗan, na ba shi wannan. Amma yana zaune ƙofar gida abokansa na wucewa a guje suna kiran sunansa, suna cewa gwani ya gaza. Ga tsoron kada ya je can numfashi ya kasa shi. Ba a jima ba na sake hango shi a kwalta, shi ne a gaba.

Ana saura ’yan kwanaki su tafi ya dawo shi kaɗai bayan la’asar. Bai yi dariya ba wannan karon. Na bi ƙashin da yatsa, sama lafiya, tsakiya lafiya, da na zo daidai ƙasan tsohon tabon na danna, sai ƙaton nan ya riƙe hannuna gam, gumi ya karyo mashi. Wurin ya ɗan tasa, da ɗumi. Na ce ya yi tsalle da ƙafar hagu. Ya ɗaga ta dama, ya tsaya, ya kasa.

Na ce, “Rabe, wannan ya wuce ni. Ƙashi ya soma tsagewa. Ka tafi asibiti a yi maka hoto gobe gobe. In ka ɗora wa ƙafar ga gudu da kaya, rabewa za ta yi biyu.”

Ya ce, “Baba, in aka yi hoto aka gani, an gani ke nan. Wa zai ɗauke ni?”

Na ce, “Da muguwar rawa gara ƙin tashi.”

Ya ce, “Wanda ya ƙoshi ke faɗar haka. Jiya a gidanmu dusa aka dama.” Sannan ya ce, “Don Allah kada ka gaya wa Babanmu. In na jure watannin farko, ai shi ke nan.”

Na ce ba zan iya ɓoyewa ba, kuma ban ɓoye ba. Bayan sallar magariba na tari Malam Sada a ƙofar masallaci na gaya mashi komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “Allah ke tsarewa.” Na ce haka ne. Ya juya ya tafi, na ga yana share ido da bakin rawani.

Ranar tafiya rabin Magama ta raka su tasha. Mata na guɗa, ’yan dako na yi mashi kirari. Kowa fuskarsa yake kallo, ni ƙafarsa nake kallo. Yana taka ta a gefen waje, yana saurin ɗauke ta, yana murmushi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na dafa kansa na yi mashi addu’a. Abin da ya rage mani ke nan.

Bai kai ƙarshen horo ba. Wani abokinsa da suka tafi tare ya ba ni labari daga baya. An fita da su dogon gudu da kaya a baya, Rabe bai taɓa cewa kowa yana ciwo ba, sun kusa dawowa sai aka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara, ya kife. An kai shi asibiti, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suka sa mashi ƙarfe a ciki. Amma wurin ya daɗe yana cinyewa, ƙashin ya ƙi haɗewa da wuri, da ya haɗe kuma ƙafar ta ɗan gajarce, idon sawu ya sandare. Aka sallame shi. Ya sauka a tasha da sanda, ba guɗa, ba kowa sai mahaifinsa.

Watanni suka wuce kafin ya tako zaurena. Ya rame, wuyan nan ya zube. Ya zauna ya miƙe ƙafar a gabana, ya ce, “Baba, na ji ana cewa kuna sake karya ƙashin da ya ɗoru a karkace. Ka karya ta ka ɗora da hannunka. Zan jure, ko tari ba zan yi ba. Ba soja nake so ba yanzu. In dai zan iya ɗaukar kaya.”

Na shafa ƙwaurin. Na ji ƙarfen a ƙarƙashin fata, na ji kan ƙusoshi. Na ce, “Ɗana, ba wurin hannuna a nan. In na taɓa ta, rasa ta za ka yi gaba ɗaya.”

Ya ce, “To ko rabin buhu?”

Ba ni jin kunyar gaya maku, na yi shekaru ina jin ihun maza ban girgiza ba, amma ranar nan sai da na shiga cikin gida na yi hawaye.

Da aka buɗe boda, gari ya farfaɗo kamar an yi ruwan farko. Motoci suka motsa, masu shayi suka hura wuta, ’yan dako suka kakkaɓe gammo. Da safe na fita sayen man shanu wurin Fulani a bakin tasha, sai na hangi Rabe cikin layin ’yan dako. Ya bar sandar a gida, ya tsaya a miƙe iyakar iyawarsa, gammo a hannu. Mota ta tsaya, wata Hajiya mai sarin atamfa daga Maraɗi ta sauko. Shekara da shekaru ba ta yarda kowa ya taɓa mata kaya sai shi. Tana saukowa ta ɗaga murya, “Ina Rabe? A kira mani Rabe!”

Ya fito daga layi da sauri, yana jan ƙafar. Ta dube shi, ta dubi ƙafar, ta dubi dilolinta a saman mota. Ta yi salati a hankali. Sai ta yafuto wani daga bayansa ta nuna mashi kayan. Ta kwance bakin mayafinta, ta kama hannun Rabe ta danƙa mashi abin da ta danƙa, ta ce, “Allah ya ba ka lafiya, ɗana.”

Ya ce, “Hajiya, ai ban ɗauki komai ba.”

Ba ta ji ba, ta riga ta bi bayan kayanta. Ya daɗe tsaye da hannun a buɗe, ’yan’uwansa na ratsa shi da buhuna, kowa na kau da kai. Sannan ya rufe hannun ya sa a aljihu, don a gidansu ba a hura wuta ba. Ya naɗe gammonsa ya kama hanyar gida tun rana ba ta yi zafi ba.